Na Daina Gane Yunwa da Ƙoshi, Kuma Duk Abin da Na Fara Ba Ya Ɗorewa

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai shekara 34, ina da 'ya'ya uku, muna zaune a Rigasa, cikin garin Kaduna, tare da mahaifiyar maigidana, kuma ina koyarwa a wata makarantar firamare da ke Unguwar Rimi. Damuwata ita ce na daina gane lokacin da nake jin yunwa da lokacin da na ƙoshi. Kafin ƙarfe bakwai na safe na fita ba tare da na karya ba, domin shirya yara da neman abin hawa ba sa bari in zauna. A makaranta shayi da biskit ne abincina, wata rana da lemon kwalba, har a tashi. Idan na dawo wajen la'asar sai in ɗora tukunya, ina girki ina ɗanɗanawa, in ci tare da yara bayan magariba, sannan in cinye abin da suka rage saboda ba na iya ganin an zubar da abinci a wannan tsadar. Maigida ɗan kasuwa ne, ba ya dawowa sai wajen goma na dare, kuma ba ya son ci shi kaɗai, sai in sake sa hannu. Hajiya kuwa, Allah ya saka mata da alheri, duk lokacin da na ce na ƙoshi sai ta ce yunwa ce ke kawo olsa, ta ƙara mini malmala. Haka nake kwanciya ciki ya yi nauyi, ƙirji yana zafi, in wayi gari ba na sha'awar komai.

Cikin shekara biyu na yi ƙiba sosai, gwiwoyina sun fara ciwo. Na sha shayin rage ƙiba, na fara azumin Litinin da Alhamis, na fara zuwa tattaki Dandalin Murtala ranar Asabar tare da wata ƙawata, amma babu wanda ya kai wata guda. Na ji ana cewa mutum ya ci in ya ji yunwa, ya tsame hannu in ya ƙoshi, to ni da ban san ko ɗaya ba fa? Ina ganin kamar ba ni da zuciya, har kunyar kaina nake ji. Yaya zan gyara ba tare da na saɓa wa mijina da surukata ba?

Daga wata malama a Rigasa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin in ce komai game da abinci, ina so ki janye maganar nan ta cewa ba ki da zuciya, domin wasiƙarki da kanta ta ƙaryata ta. Macen da ke tashi tun asuba ta shirya yara uku, ta ratsa gari daga Rigasa zuwa Unguwar Rimi, ta tsaya gaban allo har a tashi, ta dawo ta ɗora girki, sannan ta jira mijinta har goma na dare, ba a kiranta marar zuciya. Abin da na gani a bayaninki shi ne an raba wuninki kaf tsakanin yara da ɗalibai da miji da suruka, kuma babu ko minti goma sha biyar da aka ware domin ki zauna ki ci abincinki a natse. Wannan matsala ce ta tsarin wuni, kuma tsari abu ne da ake iya sauyawa.

Mu ƙirga awannin tare. Idan kin tsame hannu daga abincin maigida wajen goma da rabi na dare, kuma ba ki sake samun abinci mai riƙe ciki ba sai bayan la'asar, kin yi kusan awa goma sha takwas kina aiki a kan shayi da biskit. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, ke kuwa kina ja ba tare da shi ba. Saboda haka cin da kike yi da yamma, wanda kike zargin kanki da kwaɗayi a kansa, bashi ne jiki yake karɓa, kuma jikin da aka hana tun safe ba ya karɓar bashinsa da awo. Sannan abincin da kika ci da tsakar dare shi ne yake kashe miki sha'awar karin kumallo, rashin karin kumallon kuma ya sake haifar da cin yamma. Kina zagaye ne a wuri ɗaya, kuma kowane ɓangare yana ciyar da ɗan'uwansa.

Yana da kyau ki san yadda yunwa take aiki, domin sanin zai rage miki zargin kai. Akwai wani sinadari da ciki yake fitarwa, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1999 suka sa masa suna girelin, shi ne yake kai wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa lokacin ci ya yi. Wannan sinadari yana ƙaruwa a jini gab da lokutan da mutum ya saba cin abinci, ya sauka bayan an ci. Kin san haka a jikinki ko ba ki san sunansa ba: a kwanakin farko na watan azumi yunwa takan taso da hantsi da azahar, daidai lokacin da aka saba ci, ta yi ƙarfi sannan ta lafa ko ba a sa komai a baki ba, kuma bayan mako guda jiki ya koma kan sahur da buɗa-baki. Cikinki ya koyi cewa abinci na yamma ne da dare, shi ya sa yake yin shiru da safe. Saƙon ƙoshi kuma yana da nasa jinkirin, domin yakan ɗauki kimanin minti ashirin daga fara ci kafin ƙwaƙwalwa ta gama jin cewa an isa. Wadda take tsaye a kicin da ludayi a hannu, ta ɗanɗani miya, ta tsinci yankan nama, ta kankare ƙanzon shinkafa tana amsa kiran yaro, ta ci rabin abincin dare ba tare da zuciyarta ta ƙirga shi a matsayin ci ba. Ga kuma barci: wadda ta kwanta bayan sha ɗaya ta tashi biyar ba ta samu awa shida ba, alhali babban mutum yana bukatar aƙalla bakwai, kuma ƙarancin barci yana ƙara yunwa da sha'awar zaƙi da maiƙo washegari.

Maganar da kika ji, cewa a ci in an ji yunwa a tsaya in an ƙoshi, gaskiya ce, kuma can nake so ki isa. Sai dai ba daga nan za ki fara ba. Idan kika ce yanzu za ki jira sai kin ji yunwa, cikinki zai ci gaba da yin shiru har la'asar kamar yadda ya saba, ki koma gidan jiya. Na mako biyu zuwa uku, agogo za ki bi. Ki ci wani abu da safe ko ba ki jin yunwa, ko da kaɗan ne, kuma in gaggawar fita ba ta bari a gida, ki tafi da shi ki ci lokacin da yara suka fita tara. Ki zaɓi abin da yake daɗewa a ciki: kunun gyaɗa a filas da ƙosai uku ko huɗu, dafaffen ƙwai da dankali, alale, awara, ko fura da nono da sukari kaɗan. Biskit da shayi mai zaƙi suna narkewa da wuri su bar ki a inda suka same ki. Kwalbar lemo ta rabin lita kuwa tana iya ɗaukar sukari kusan giram 50, wanda shi ne kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce a wuni guda. Kuɗin da kike kashewa a kan lemo da biskit zai saya miki ƙwai da gyaɗa, don haka ba sabon nauyi nake ɗora wa aljihunki ba. Da an tashi makaranta kuma, kafin ki hau abin hawa, ki ci ɗan abin da kika riƙe a kula ko a jaka, domin ki shiga kicin a matsayin mai girki wadda cikinta yake da ɗan nauyi.

Idan wannan ya zauna, za ki ga wata safiya kin tashi cikinki yana neman abinci, kuma daga ranar ne sauraren jiki zai yi miki amfani. Kafin ki sa hannu a kowane abinci, ki ɗan dakata ki tambayi kanki inda abin yake: a ciki ne ko a baki? Yunwa ta gaskiya a hankali take zuwa, ciki ya yi fayau, ƙarfi ya ragu, kuma duk abin da aka miƙo za ta karɓa, ko ɗumamen jiya ne. Marmari kuwa farat ɗaya yake taso wa mutum, ya ambaci abu guda da sunansa, cincin ko tsire ko lemo mai sanyi, in ba shi ba kuma ba ya son komai. Akwai kuma ƙishirwa da take shigar yunwa, musamman a zafin Maris da Afrilu, da kuma lokacin hunturu da mutum yake mantawa da shan ruwa. Akwai gajiya, akwai ɓacin rai, kuma malama ta san irin ranar da ake tashi daga makaranta zuciya a cunkushe, hannu ya riƙa kai wa baki don kawai a samu sauƙi. Ba na cewa kada ki taɓa cin abin marmari. Cewa nake ki san sunan abin da ya kama ki kafin ki amsa masa. Ki ware shafi ɗaya a bayan littafinki, ki yi mako guda kina rubuta lokacin da kika ci da kalma ɗaya tak a gefensa: yunwa, marmari, gajiya, kara, ko tsoron ɓarna. Ba don ki hukunta kanki ba ne, kuma bayan mako guda ki daina, domin zuwa lokacin takardar ta nuna miki inda gizo yake saƙar.

Wajen ƙoshi kuma, ki zuba naki a kwanonki daban, ki zauna, ki ajiye waya. Idan kin kai rabi ki ɗan tsaya, ki kurɓi ruwa, ki yi wa yaro magana, sannan ki duba ko har yanzu abincin yana da daɗin da yake da shi a lomar farko. Raguwar daɗin nan tana daga cikin alamun farko na ƙoshi, kuma takan zo kafin ciki ya yi nauyi. Ma'aunin da nake so ki riƙe tsoho ne, kin san shi tun kina Islamiyya: hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa muni ba, kuma in ya zama dole, to kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Ki lura cewa ayar Suratul A'arafi da ta hana ɓarna sai da ta yi umarnin ci da sha kafin ta kawo hanin. Wadda ta hana kanta abinci tun safe har la'asar ba ta cika wannan ma'auni ba, kamar yadda wadda ta cika ciki da dare ba ta cika shi ba.

Batun ragowar yara ya taɓa ni, domin na san daga inda yake fitowa. Tun bayan cire tallafin mai a 2023 kowace uwa a garin nan ta san yadda mudun shinkafa yake shiga gida, kuma ganin cokali uku na abinci a kwanon yaro za su tafi bola yana sosa rai. Niyyarki mai kyau ce. Amma abincin da kika tura a cikin da ya riga ya cika bai amfani kowa ba, kuma gwiwoyinki ne suke biyan kuɗinsa. Gyaran yana wajen zubawa: ki rage abin da kike zuba musu, wanda bai ƙoshi ba ya zo a ƙara masa. Kada kuma ki tilasta musu cinyewa idan sun ce sun ƙoshi, domin ƙananan yara suna da wannan jin na yunwa da ƙoshi da kike nema yanzu, kuma tilas ce take dusashe shi. Abin da ya ragu a tukunya mai tsafta a rufe shi, tuwo ya zama ɗumame a tafasa miyarsa sosai da safe, ko a miƙa wa almajiri ko maƙwabci tun yana da ɗuminsa. Idan babu wutar da za ta riƙe firji, kada ki bar shinkafa ko wake su kwana a zafi ki tafi da su makaranta, domin saurin lalacewa gare su.

Maigida kuma, ki duba abin ta wajensa. Mutumin da ya wuni a kasuwa yana ciniki da jama'a, wannan rabin awar ta dare ita ce kaɗai lokacin da yake zama da matarsa ba hayaniya, kuma ina kyautata zaton zamanki yake so fiye da ganin yawan lomarki. Hanya biyu ce a gabanki. Ko dai ki ci kaɗan da magariba ki bar babban cinki sai ya dawo, ko kuma ki ci abincinki sosai tare da yara, in ya dawo ki zauna kusa da shi, ki zuba masa, ki ɗauki yankan kankana ko lemon zaƙi ko kofin shayi marar sukari kuna hira. Ni ta biyun na fi zaɓa miki, saboda ƙwannafin da kike fama da shi; likitoci suna son a bar kimanin awa uku tsakanin cin abinci mai nauyi da kwanciya. Kada ki tayar da maganar a lokacin da kwano yake gabansa, domin zai ji kamar ƙin sa kike yi. Ki nemi ranar da yake gida da rana, ki ce masa: "Maigida, cin daren nan yana hana ni barci, ƙirjina zafi yake yi. Ina so in riƙa zama da kai kana ci kamar kullum, amma ni in tsaya a kan ɗan abu marar nauyi." Idan ya miƙo miki loma ɗaya ko biyu don so, ki karɓa da fara'a, wannan ba zai rushe komai ba. Idan kuma ya nuna rashin jin daɗi, ki ba shi lokaci, ki ware dare ɗaya a mako, kamar na Juma'a, da za ki rage cin magariba ku ci tare sosai.

Hajiya tana bukatar lallashi fiye da hujja, amma bari in ba ki hujjar tukuna don zuciyarki ta natsu. Yawancin gyambon ciki, wanda muke kira olsa, abu biyu ne suke kawo shi: wata ƙwayar cuta da likitoci suke kira H. pylori, da yawan shan magungunan kashe zafin ciwo irin su asfirin da ibufurofen da daikulofenak. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka tabbatar da rawar da ƙwayar take takawa, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Abin da Hajiya ta lura da shi yana da tushe, domin mai gyambo yakan ji ciwon ya motsa idan ciki babu komai, amma ƙarin malmala da dare ba rigakafinsa ba ne, kuma yana tsananta ƙwannafi. Na kawo wannan ne musamman saboda gwiwoyinki: idan kina sayen irin waɗannan magunguna a kemis kina sha a kai a kai, su ne abin tsoro ga cikinki.

Kada ki kai wa Hajiya wannan bayani a matsayin gyara. A wajen iyayenmu ciyarwa ita ce ƙauna, kuma surukar da ta rame abin magana ce a dangi, za a ce ba a riƙe ta da kyau ba. Ban da haka, tana da gaskiya a wuri guda, domin idonta yana ganin kina fita da safe ba ki karya ba. Ki mayar da ita abokiyar tafiya. Ki same ta ki ce: "Hajiya, na ga gaskiyarki, zaman da nake yi da yunwa da rana ne yake wahalar da ni. Ina so ki taimaka mini in riƙa karyawa." Tsohuwar da take tashi tun asuba za ta ji daɗin a ce ita ce mai tuna miki filas ɗin kunu. Idan ta ƙara miki tuwo da dare, ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, ki ce a rufe miki shi ne ɗumamenki na safe, kuma da safen ki ci a gabanta. Idan ta ga abincinta yana shiga cikinki, lokacin da ya shiga ba zai dame ta sosai ba. In abin ya ƙi, ɗanta ne ya kamata ya yi mata magana, domin abin da zai faɗa mata cikin raha ke kunya ba za ta bari ki faɗa ba.

Ina so kuma ki ga likita, ko a asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ko na koyarwa na Barau Dikko, ko cibiyar lafiya mafi kusa da ke. A auna miki sukari da hawan jini, ki faɗi zancen ƙwannafi da gwiwa, kuma ki ambaci duk maganin da kike amfani da shi, har da allurar tazarar haihuwa in kina yi, domin wasu magunguna suna ƙara ci da ƙiba. Idan kina yawan jin ƙishirwa da yawan fitsari tare da yunwar da ba ta ƙarewa, ko kika ga baƙin bayan gida, ko aman jini, ko abinci yana maƙale miki wajen haɗiya, kada ki jira ƙarshen wata. Shayin rage ƙiba kuwa ki rabu da shi, domin da yawansu ganyen filasko ne da makamantansa masu sa gudawa, ruwan jiki suke zubarwa, kitse yana nan. Idan kuma akwai abin da ba ki rubuta ba, kamar ci a ɓoye har ki kasa tsayawa, ko ƙaƙaro amai bayan ci, ko baƙin cikin da ya daɗe, wannan lalura ce da ake magani, kuma akwai masana a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Saura batun abubuwan da kika fara suka watse. Tattakin Dandalin Murtala abu ne mai kyau, amma dubi abin da yake nema daga gare ki: kuɗin abin hawa daga Rigasa zuwa da dawowa, samuwar ƙawarki, da safiyar Asabar wadda ita ce ranar wanki da kitso da biki. Ɗabi'ar da take bukatar abu uku su haɗu kafin a yi ta, ranar da ɗaya ya ɓace ta faɗi. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a wata jami'a a Landan, wanda aka buga a 2010, ya bi mutane 96 da suke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, ya gano cewa a matsakaici sai da aka yi kwana 66 kafin abin ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu kuma lissafi ya nuna za su kai 254. Ke ba ki taɓa kai wata guda ba, ma'ana kina yanke wa kanki hukunci tun shukar ba ta fito ba. Binciken ya kuma nuna cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Abin da yake rushe shi shi ne mutum ya ce tunda na fasa jiya, shi ke nan na kasa.

Ki ɗauki abu ɗaya kawai, ƙarami, ki ɗaura shi a jikin abin da ba kya fasawa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma kin riga kin ga haka a salla, wadda ba kya jiran sai kin ji sha'awa kafin ki yi. Na wata na farko, abu ɗayan shi ne karin kumallo: da kin sallame sallar asuba, ki cika filas ki sa a jaka, kafin ki tashi yara. A kwanakin da ba kya salla, ki ɗaura shi a kan ɗora ruwan wankan yara, don kada igiyar ta tsinke. Sai ya zauna sannan ki ƙara tafiya, ita ma a cikin hanyar da kike bi dama: ki sauka daga Keke Napep kafin ki iso layinku, ki ƙarasa da ƙafa na minti goma da takalmi marar tudu, ko ki zagaya harabar makaranta kafin a shiga aji. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti talatin sau biyar, kuma gutsuttsuran minti goma suna shiga lissafi. Dandalin Murtala ya zama ƙari duk Asabar ɗin da ta samu.

Azumin Litinin da Alhamis ibada ce mai girma, kuma ba zan hana ki ba. Abin da nake gani shi ne kin ɗora shi a kan wunin da dama kusan azumi ne, kuma da niyyar rage ƙiba a gaba, shi ya sa buɗa-bakin ya zama wani babban cin dare. Ki bari cinki ya daidaita tukuna, sannan ki koma masa don Allah, da sahur mai kyau, ko da rana ɗaya ce a mako.

Kada ki riƙa hawa sikeli kullum a wannan lokaci, sau ɗaya a wata ya isa, domin nauyi shi ne yake zuwa a ƙarshe. Alamun da za ki fara gani su ne ƙwannafi ya ragu, barci ya yi daɗi, darasin ƙarshe bai gagare ki tsayuwa ba, kuma kin shiga kicin da yamma ba hannunki yana rawa ba. Ranar biki ko suna ki ci abincin mutane da farin ciki, washegari ki cika filas ɗinki kamar kullum. A daren yau ki dafa ƙwai biyu ki ajiye kusa da jakarki, ki yi wa Hajiya maganar kunu, maganar maigida kuma ki bar ta sai ranar da yake gida. Bayan mako shida ki sake rubuto mini, ki faɗa mini ƙarfe nawa yunwa ta fara zo miki da safe, da abin da likita ya ce game da sukari da gwiwar. Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya miki zuri'a.